An Ce Ya Kwanta, Na Ce Ya Tashi

Assalamu alaikum. Sunana Dije, ina zaune a unguwar Rumde Ajiya cikin Garwa ta ƙasar Kamaru, ɗinki ne sana'ata. Maigidana, Malam Sani, mahauci ne ɗan mahauci. Kakansa ya zo garin nan daga Kano da wuƙarsa a ƙugu, kuma teburin da ya kafa a kasuwa shi ne har yau muke ci a kai. Na rubuta wannan ne saboda matar da za a miƙo wa mijinta daga asibiti a ce ta je ta kula da shi, ba tare da an gaya mata yadda za ta yi ba. Akwai waɗanda zan gode wa, akwai kuma waɗanda har yanzu ban huce da su ba.

Ciwon ya yi kusan wata yana ƙwanƙwasa ƙofa, mu ne ba mu gane ba. In ya ɗauki cinyar saniya daga mota zuwa tebur sai ya tsaya ya dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa turmi. Muka ce gyambon ciki ne. Na jiƙa masa kanwa, na rage yaji a miya. Wata rana ya ce har muƙamuƙinsa da hannunsa na hagu suna amsawa, na ce kwanciya ce ya yi ba daidai ba. Wannan maganar tawa har gobe tana ci mini rai.

Ranar wata Talata da hantsi ya durƙushe a mayanka, zufa ta jiƙa shi sharkaf, yana amai. Abokan aikinsa suka ɗora shi a moto, wato babur, mutum ɗaya ya tallafe shi ta baya. Ko da na isa asibiti na tarar an ajiye shi a benci, ana jira a sayo karne, ɗan littafin nan da ba a ganin likita sai da shi. Na shiga layin karne, na fito na shiga layin biya, ina hango shi yana lanƙwashewa. Da na ga abin ba na wasa ba ne sai na fasa layin, na ɗaga murya da Faransancin da na koya a koleji kafin a yi mini aure. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta dube shi sau ɗaya, ta ruga ta turo keken marasa lafiya. Ban san sunanta ba. Allah ya san ta, ya saka mata da alheri.

Aka manna masa wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane-zane. Likita ya duba ya ce, “Infarctus.” Ya yi mini bayani cewa ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciya ce ta toshe. Kwana takwas muka yi a nan, ana allura ana ƙarin magani, sannan aka ce aikin da yake bukata sai Yawunde. Yayansa, Alhaji Ummaru, shi ne babba a gidansu, dillalin shanu ne. Bai yi wata-wata ba ya sayar da bijimai biyu, ni ma na rabu da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkina. Gaskiya ɗaya ce, ba don Yaya ba da ba mu je ba. Ina so a riƙe wannan, domin abin da zan faɗa a kansa nan gaba.

A Yawunde aka zura wata siririyar waya ta jijiyar hannunsa, aka buɗe inda ya toshe, aka bar wani ɗan ƙarfe a ciki don kada ya sake rufewa. Washegari sai ga Malam zaune yana neman koko. Ranar sallama likitan ya ba mu magunguna kala biyar, ya ja mini kunne kan guda biyu masu tsinka jini, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe kada a tsallake su. Sannan ya miƙo mini wata takarda mai shafi huɗu, ya ce a bi abin da ke ciki. A samanta an rubuta réadaptation cardiaque, wato hanyar farfaɗo da mai ciwon zuciya. Kafin in buɗe baki ya wuce gado na gaba.

A hanyar dawowa na karanta ta sau uku. Hoton kwafi ce, ta sha injin kwafi har wasu haruffan sun shafe. A gaba akwai hoton wani dattijon Bature a kan keken da ba ya tafiya. Ta ce ya riƙa zuwa cibiyar motsa jiki ta masu ciwon zuciya sau uku a mako, a ɗaura masa na'ura yana taka keke likita na kallo. Ta ce iyo yana da kyau. Ta ce a yi girki da man zaitun, a ci wani kifi da ban taɓa jin sunansa ba, a guji jan nama. Na dubi mijina, mutumin da tun yana ɗan shekara goma yake cikin nama, na rasa ta inda zan fara.

Mako na huɗu muka koma asibitinmu na Garwa da takardar. Muka yi layi tun safe har bayan azahar. Likitan da muka samu dattijo ne, mai kirki a fuska, amma a gajiye yake. Na tambaye shi ina cibiyar da takarda ta ce. Ya yi dariya.

“Madame, a nan? Ki ajiye wannan. Repos absolu. Ya kwanta wata uku, kada ya ɗauki ko buta.”

“Amma dokta, takardar ta ce ya motsa jiki.”

“Ni nake ganinsa ko takarda?”

Yaya yana tsaye a bayanmu, ya ji da kunnensa, kuma maganar ta yi masa daɗi. Tun daga ranar gidanmu ya koma gidan jinya. Aka shimfiɗa wa Malam katifa a falo. Aka hana shi zuwa masallacin da ke bakin layinmu, yana salla a zaune. Masu dubiya suna shigowa, kowa da maganinsa. Wannan ta ce a dafa masa zuciyar rago ya sha romon, wannan ya kawo saiwa daga wajen Mindif, wata gwaggonsa ta ce maganin Bature ne ke tsotse masa jini, a daina ba shi. Ita kam na gaya mata a fuska cewa wanda ya taɓa kwalin maganin nan zai ga abin da bai taɓa gani ba. Ta fita tana cewa ba ni da kunya. Na yarda.

Mako uku yana kwance. Ƙirjin ya daina ciwo, amma mutumin ne yake tafiya a gabana. Ƙafafunsa suka tsotse. In ya miƙe zuwa bayi sai jiri ya ɗebe shi, sai a ce, kun gani ko, shi ya sa likita ya ce ya kwanta. Mutumin da ake jin dariyarsa daga bakin kasuwa ya koma ba ya amsa gaisuwa sai da kai. Yaya ya sa wani a teburin Malam na kasuwa, ya ce riƙo ne kafin a ga abin da Allah zai yi. Wata rana da la'asar na kawo masa fura, ya juya fuska bango.

“Dije, ki ba Yaya wuƙaƙena. Su yi amfani da su kada su yi tsatsa.”

“Ba zan bayar ba, Malam.”

“Me ya rage? Gawa ce ba a binne ba.”

Na ajiye kwanon na fita tsakar gida na yi kukana, sannan na wanke fuska. Washegari na ɗauki karnensa da takardun duka na koma asibiti ni kaɗai. Na ce ko zan wuni a benci sai na sami wanda zai zauna ya ba ni amsa.

Allah ya haɗa ni da wata likita mace, Bafulatana, ba ta fi shekara talatin da biyar ba. Na shimfiɗa mata takardar Yawunde, na nuna mata rubutun dattijon likitan a karne, na ce, “Dokta, ɗaya ta ce ya hau keke, ɗaya ta ce kada ya ɗauki buta. Duka daga wurinku suka fito. Wacce ce ƙarya?”

Ba ta ji haushi ba. Ta juya takardar gaba da baya tana neman wani abu.

“Kin ga suna a jikinta? Wa ya rubuta ta? A wace shekara?”

Na duba, babu.

“To kin gani,” ta ce, tana haɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci yadda muke yi. “Irin takardun nan ba ɗaya suke ba. Akwai waɗanda masana suka zauna suka tace bincike kafin su rubuta, suka faɗi hujjarsu, suna kuma sabunta su. Akwai waɗanda aka kwafo daga kwafi, har ba a san asalinsu ba. Ko masu kyau ɗin ma, yawanci ba a tambayi mutanenmu ba lokacin rubuta su. Amma a kan abu ɗaya masu kyau suka haɗu: wanda aka yi wa aikin da aka yi wa mijinki, in jikinsa ya daidaita, tafiya magani ce a gare shi. Doguwar kwanciya koyarwar da ce. Abokin aikina da ita aka koyar da shi.”

“To me ya sa bai sabunta ba?”

Ta yi murmushi. Ta ce in kawo shi ta duba shi da kanta kafin komai.

Na kawo shi. Ta sake manna masa wayoyi, ta auna jininsa a kwance da a tsaye, ta sa ya yi tafiya a barandar asibiti tana biye da shi da agogo a hannu. Sannan ta yagi takarda daga littafinta ta ce in tambayi duk abin da ke raina. Na tambayi abubuwan da shafi huɗun nan ba su san da su ba. Zai iya sujada? Ta ce ya yi, amma ya riƙa miƙewa a hankali. Zafin Garwa fa? Ta ce tafiya bayan asuba kawai, da ruwa a hannu. Man zaitun? Ta yi dariya ta ce man gyaɗa kaɗan ya isa, a rage gishiri da dunƙulen miya, a yawaita wake da zogale da kuɓewa, karfasa kuwa ko ta Lagdo ko bandar Tibati duk kifi ne. Nama ya ci tsoka kaɗan, ya bar kitse da kayan ciki. Azumi saura makonni, ta ce bana ya haƙura. Sai na runtse ido na tambayi abin da ke tsakanin miji da mata. Malam ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage. Ita kuwa ta amsa kai tsaye, ta ce ranar da ya iya tafiyar rabin awa da ɗan sauri ba tare da haki ba, babu laifi.

Ma'aunin da ta ba mu mai sauƙi ne. Ya yi tafiya yana magana. In magana ta gagara saboda haki, ya rage sauri. In ya ji nauyin nan a ƙirji, ko jiri, ko zufa mai sanyi, ya tsaya, in bai lafa ba a kawo shi nan take. Ta sa hannu a ƙasan takardar, ta rubuta sunanta da kwanan wata. Ta ce, “Wannan in ta yi kuskure kin san wanda za ki kama.”

Ranar farko bai wuce sandunan lantarki biyu ba. Ina biye da shi da gorar ruwa da 'yar kujerar tsuguno. Ya zauna a bakin hanya yana huci, ya ce mu koma. Muka koma. Washegari muka yi uku. Da mako ya zagayo ya kai masallaci, ya yi asuba cikin jam'i, ina jiransa a gindin dalbejiya. Unguwa ta ɗauka. Matan da ke shara a ƙofar gida suna cewa Dije ta fito kiwon miji. Wata ta tare ni ta ce ba na tsoron Allah, mutum da ƙarfe a zuciya nake jan sa titi. Na ce mata in ta gama sharar ta zo ta riƙe mana gora.

Yaya ya zo da kansa. Bai shiga ɗaki ba, a zaure ya sa aka kira ni.

“Na sayar da shanuna don ƙanina ya rayu, ba don ki ƙarasa shi ba. Babban likita ya ce ya kwanta, kin je kin samo wata yarinya ta gaya miki abin da kike so.”

“Yaya, ka shiga ka dube shi. Jiya ya cinye tuwonsa.”

“Ban zo gardama da mace ba.”

“Ni ma ban fito gardama ba, Yaya. Amma gobe da asuba za mu fita.”

Muka ci gaba. A mako na goma sha ɗaya yana yin minti ashirin da biyar ba zama. Ya fara tsokanata a hanya, yana cewa ni ce ke haki yanzu. Duk mako biyu muna komawa wurin likitar, ta auna shi ta ƙara mana kaɗan. Kuɗin maganin wata kam yana cinye abin da keken ɗinki ɗaya ke kawowa, kuma sau biyu na zagaye kantunan magani huɗu kafin in sami mai tsinka jinin.

Sai azumi ya kama, cikin tsananin bazara. Malam bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa. Likita ta hana, limaminmu ma ya gaya masa Allah ya yi masa rangwame. Ya ce to. Ashe rana ta uku da ta huɗu yana ɗaukar abincin rana ya tura ƙarƙashin gado, maganin safe kuma ya haɗiye shi kafin asuba ba tare da na sani ba. Rana ta huɗu ya fita sallar la'asar, a ƙofar masallaci ya yanke jiki ya faɗi, goshinsa ya fashe.

A asibiti likitar ta duba ta ce zuciya lafiya lau, ƙarfen yana nan daram. Ruwa ne ya ƙare a jikinsa, ga maganin da ke saukar da jini, ga rana. Aka ƙara masa ruwa leda biyu, aka ɗinke goshin. Ta yi masa faɗa sosai, ni kuwa kwana biyu ban yi masa magana ba sai ta dole. Amma a wurin dangi an riga an yanke hukunci: yawon Dije ne ya kayar da shi. Ba wanda ya so jin zancen azumi, domin laifin mace ya fi sauƙin ɗauka.

Bayan salla da kwana uku Yaya ya aiko. Za a yi taron dangi a gidansa ranar Lahadi da safe. Za a mayar da Malam can ya zauna ƙarƙashin kulawarsu, teburin kuma a ba wanda ke riƙo gaba ɗaya. Ya ce zai turo mota. Na gaya wa Malam ban ƙara komai ba, domin na gaji, kuma na san wannan faɗan ba nawa ba ne ni kaɗai.

Ranar Lahadi bayan asuba na ga ya sa babbar rigarsa ya kafa hula a kan ɗinkin goshi.

“Dije, cika gorar nan. Biyu za ki cika.”

“Motar fa?”

“In ta zo ta tarar da ƙofa.”

Gidan Yaya yana can wajen kasuwar shanu, tafiyar da mai lafiya zai yi a minti arba'in. Ba mu taɓa yin mai nisan haka ba. Na ce sai dai in za mu zauna sau biyu a hanya ya sha ruwa, in kuma magana ta gagare shi mu tari moto. Ya yarda. Muka kama hanya rana ba ta fito ba. Duk tsawon tafiyar yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ya koya masa fiɗa, ni kuma ba labarin nake saurare ba, numfashinsa nake saurare. Muka zauna sau biyun. Mun yi awa ɗaya da 'yan mintuna.

Muna isa muka tarar da direba yana goge mota zai fito ɗauko mu. Yaya na zaune a kan darduma a ƙofar gida da ƙannensu biyu da wani kawunsu. Suka bi mu da kallo tun daga kan kwana. Malam ya yi sallama, ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya zauna, ya sha ruwa. Yaya ya dubi takalmansa da suka yi buɗu-buɗu.

“Da ƙafa?”

“Da ƙafa, Yaya.”

“Daga Rumde?”

“Daga Rumde. Yaya, ka yi mini abin da uba ke yi wa ɗa, ba zan manta ba har in mutu. Faɗuwar da na yi, ni na jawo, azumi na ɓoye na yi. Dije ba ta sani ba. Ba zan sake ɗaukar cinya a kafaɗa ba, na yarda. Amma hannuna bai mutu ba. Ranar Asabar zan zauna a teburin Baba in yanka nama.”

Kawun ya yi gyaran murya ya ce ai magana ta ƙare, mutumin da ya zo da ƙafarsa ba a ɗaukarsa a kai. Yaya bai ce ya yarda ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya juyo gare ni, karo na farko tun zuwanmu.

“In ya faɗi a kasuwa, a wuyanki.”

“Na ɗauka, Yaya.”

Yau shekara ɗaya da wata biyar ke nan. Malam yana teburinsa daga safe zuwa azahar, a zaune, wasu ke sauke masa nama. Yana shan maganinsa, yana tafiyarsa. Azumin da ya wuce likitar ta duba shi ta canja masa lokutan magani, ya yi wasu kwanaki ya sha wasu. Ba ya rasa ranakun gajiya, kuma kitsen da nake hana shi na san yana ɗan taɓawa a bayan idona. Yaya yana amsa gaisuwata da baki ɗaya-ɗaya. Dattijon likitan yana nan a ofishinsa, kuma ina jin har yanzu akwai waɗanda yake gaya wa su kwanta wata uku. Cibiyar da takarda ta ce mu je kuwa, ban ji an gina ta ba.

'Yar'uwa, in mijinki ya dafe ƙirji ya ce nauyi, kada ki jiƙa kanwa, ki nemi moto. In an ba ki takarda, ki duba wa ya rubuta ta da yaushe, ki tambaya ko ta san garinku. In likitoci biyu sun saɓa, ki koma ki zauna a benci har sai wani ya duba majinyacinki da hannunsa ya yi miki bayani. Kada ki ɗauki tafiyarmu ki ɗora wa naki ba tare da an auna shi ba, kowace zuciya da nata. Za a ce ba ki da kunya. Ki amsa.

Na san rai na Allah ne, kuma ranar da ya kira Malam babu likitan da zai tsare. Amma in ranar ta zo, ina roƙo ta same shi da takalmi a ƙafa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinya ƙarfin zuciya da ƙarfin baki.